Ashirin Ba Ɗaya

Ƙarfe biyun dare ya gota.
Na wanke hannu har gwiwa, sau uku,
sabulu na cin tsagar da ke ɗan yatsana.
Na ɗaga su sama kamar mai roƙon ruwa,
Tsahara ta ɗaure mini riga ta baya.

Daga Safo aka kawo Habsu,
amalanke tukuna, sannan mota,
kwana biyu tana naƙuda.
Zanenta na cikin leda ƙarƙashin gado
da ɗan kunne guda
da layar da muka kwance daga ƙugunta,
muka ce za mu mayar.

Kafin wuƙa ta taɓa fata mun ƙirga:
almakashi, allurai, ƙarafan kama jijiya,
ƙyallen tsane jini, fari ƙal, ashirin.
Ni in faɗa, ita ta amsa, ta rubuta a allo.

Inna ce ta koya mini ƙirga
a bakin buhun gyaɗa, ranar kasuwar Tibiri.
Tiya na shiga, baki na bi.
"Ko wa ya kira ki, Zuwaira, kar ki amsa
sai kin kai ƙarshe."

Ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke.
Sha'aibu na matsa jakar iska da hannu,
hasken salula a kan ciki buɗe,
har injin baya ya yi tari ya tashi.
Yaron ya fito shuɗi, shiru,
shiru,
sannan ya tsala ihu kamar an ci bashinsa.

Jini ya yi yawa.
Likita Lawali ba ya dubana, ba ya buƙata:
ya buɗe tafi, ƙarfe ya sauka a ciki.
Ya tsane, ya jefar, ya tsane, ya jefar.

"Zare. Mu rufe."

Na duba faranti. Tsahara ta juye bokiti,
ta baza su ƙasa ɗaya bayan ɗaya.
Ashirin ba ɗaya.
Muka sake.
Ashirin ba ɗaya.

"Likita, lissafi bai cika ba."

Ya fara riƙe wuƙa ina goye a bayan Inna.
Ni wata takwas ke nan da barin makaranta.
Tun azahar bai zauna ba,
ga wata a baranda tana nishi, tana jiran gadon nan.
"Yana ƙasa. Ku duba ƙasa. Ba ni zare."

Zaren na hannuna.
Ban miƙa ba.

Gumi ya gangaro cikin takunkumi, gishiri a leɓe.
Aka ɗaga takalma, aka kakkaɓe zanen gado,
aka zazzage kwandon shara.
Agogon bango kaɗai ke magana.

Ya ja tsaki.
Ya mayar da hannu ciki, har wuyan hannu,
can bayan mahaifa,
yana lalube kamar mai neman zobe a gindin randa.
Da ya fito da shi
bai fi ƙwan zabo ba, a dunƙule,
ya sha jini har ya koma nama.

Ashirin.

Bai ce komai ba. Na miƙa zare.
Sai da asuba, a bakin famfo,
yana goge hannu, ya ce, "Gobe kina aiki?"
Na ce e.
Ya ce, "To."

Habsu ta farka tana tambayar layarta.
Na ɗaura mata sama da ɗinkin, kar ta goga.
Mijinta ya tare ni da goro biyu a hannu,
yana neman likita ya yi godiya.
Na nuna masa ƙofa.

A kan kabu-kabu, ta Bagalam,
masu ƙosai sun hura wuta,
ƙafafuna sun cika takalmi.
Na kama bakina yana ƙirga ramukan hanya.
Mai babur ya waiwayo ya ce wani abu.
Ban amsa ba.